Likita Mila na Zariya: Baturen da bai nemi yabon sarki ko na gwamna ba

A tarihin Arewacin Nijeriya na farkon ƙarni na 20, da wuya a sami Baturen da ya tara masu jin haushinsa ta kowane ɓangare kamar Dakta Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suka fi sani da Likita Mila. Sarakuna sun ɗauke shi mai kai ƙararsu wurin gwamna. Jami'an mulkin mallaka, waɗanda suka fito ƙasa ɗaya da shi, sun ɗauke shi ƙaya a ƙafa, mai ɓata musu shiri da sarakuna. Malamai sun san abin da ya kawo shi, wato kiran mutane zuwa wani addini, ba su kuwa taɓa amincewa da shi ba. Har ƙungiyar mishan da ta aiko shi ta kai ga gajiya da taurin kansa. Duk da haka ya shafe kusan shekara hamsin yana hidima a Arewa, a nan ya tsufa, a nan kuma ƙasa ta rufe idonsa.

Abin da ya riƙe shi tsawon wannan lokaci aƙida ce guda, wadda ke da tushe a addinin Kirista. A wasiƙarsa ga mutanen Galatiya, wanda Kiristoci ke kira Manzo Bulus ya nuna cewa mai neman faranta wa mutane rai ba zai iya zama bawan Almasihu ba. Musulmi ma ba baƙo ba ne ga wannan ma'ana, domin ita ce ke tsakanin ikhlasi da riya. Miller ya ɗauki aƙidar da gaske, ya rayu a kanta. Ta ba shi ƙarfin halin tsayawa gaban masu iko, ta kuma toshe masa kunne a wuraren da ya kamata ya saurara. Rayuwarsa ta nuna fuskokin nan biyu ƙarara.

Daga Ingila zuwa Tarabulus

An haifi Walter Richard Samuel Miller a 1872 a garin Honiton da ke yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila. Ya karanta likitanci a asibitin St Bartholomew na Landan, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin ƙasar. A zamanin, saurayin da ya fito daga irin wannan makaranta hanyar arziki da mutunci a buɗe take gare shi. Amma shekarun 1890 lokaci ne da ɗaliban manyan makarantun Ingila ke tururuwar ba da kansu ga aikin bishara a ƙasashen nesa, Miller kuwa yana cikin waɗanda guguwar ta ɗauka. Ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta cocin Angilika da ake kira CMS, wadda ta daɗe tana aiki a bakin kogin Kwara tun zamanin Bishop Samuel Ajayi Crowther.

A wancan lokaci sunan Hausawa ya fara yawo a majami'un Ingila. Charles Henry Robinson, wanda ya ziyarci Kano a tsakiyar shekarun 1890, ya koma gida yana ba da labarin wata al'umma mai yawan jama'a, mai birane masu ganuwa, da fatauci, da karatu da rubutu. Tare da wannan labari aka yaɗa wani zato: wai Musuluncin talakan Hausa na fatar baki ne, wai ya gaji da mulkin Fulani, da zarar an ɗauke masa sarakuna zai rungumi sabon addini. Miller ya gaskata wannan zato, ya gina shekarun farko na aikinsa a kansa, kuma shi ne babban kuskuren lissafinsa.

Kafin ya taka ƙasar Hausa, sai da ya tafi Tarabulus ta Libiya a ƙarshen shekarun 1890 don koyon harshe, domin garin matattara ce ta fatake da mahajjata Hausawa masu ratsa Sahara. A can ya haɗu da wani yaro mai suna Abdulmajid, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyar Makka ya bar shi cikin baƙunta. Yaron ya zama ɗan gidansa kuma malaminsa na Hausa. Ƙwazon Miller a harshe ya bayyana da wuri, har a 1901 ya fitar da ɗan littafin nahawun Hausa don Turawa masu koyo.

Korar da aka yi musu a Kano

A farkon 1900, daidai lokacin da Frederick Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya shelanta cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin Ingila, wata tawaga ta mutum biyar ta tashi daga Legas ta nufo Kano. Bishop Herbert Tugwell ne shugabanta, Miller ne likitanta. Shelar Lugga a takarda take kawai, domin sarakunan Daular Usmaniyya suna nan da cikakken ikonsu. Shi kansa Lugga bai so tawagar ta wuce inda sojansa ke iya kare ta ba. 'Yan mishan ɗin suka yi kunnen uwar shegu da shawararsa, suna ganin wanda ya aiko su ya fi gwamna.

A Zariya, Sarki Kwasau ya karɓe su da fara'a. Yana da dalilinsa, domin Nagwamatse na Kwantagora ya addabi ƙasarsa da hare-hare, yana kuma neman duk wanda zai iya zama majingina. A Kano kuwa labari ya sha bamban. Sarki Aliyu Babba ya saurare su a fada, ya ƙi ba su wurin zama, ya umarce su da su bar masa gari cikin 'yan kwanaki. A nasa gani, baƙin da suka shigo ba da izinin Sarkin Musulmi ba, a daidai lokacin da sojan ƙasarsu ke matsowa daga kudu, ba baƙin alheri ba ne.

Tawagar ta ja da baya ta yada zango a Girku, kudu da Zariya. A can ciwon atuni ya kashe ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, rashin lafiya kuma ya tilasta wa wasu komawa gida, har da Miller kansa daga baya. A Landan, ma'aikatar kula da ƙasashen mallaka ta ji haushin wannan kasada, aka riƙa kallonta a matsayin ganganci. Mai neman yabon mutane da a nan ya tsaya. Miller da ya sami sauƙi sai ya sake ɗaura kayansa ya dawo.

Yaƙin da ya goyi baya, da alkawarin da ya ɗaure shi

Akwai abin da bai kamata a ɓoye ba a tarihin wannan mutum: ya goyi bayan cin ƙasar Hausa da yaƙi. Ya ga farautar bayi da idonsa, ya ga ƙauyukan da aka mayar kufai, ya yanke hukunci cewa rushe ikon sarakuna rahama ce ga talaka kuma buɗe ƙofa ce ga bishara. Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. A 1906 aka murƙushe Satiru, aka kuma afka wa Haɗejiya, inda Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya har aka kashe shi da jama'arsa masu yawa a cikin birninsa. Mutanen Haɗejiya suna kiransa Mai Shahada har yau. Su ma waɗannan mutane sun zaɓi abin da suka gaskata yardar Allah ce a kan tsira da rai. Miller, wanda ya san darajar irin wannan zaɓi a addininsa, yana ɓangaren masu bindigar da aka harbe su da ita.

Nasarar da ya yi fata kuwa ba ta haifa masa ɗa mai ido ba. A Sakkwato, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addininsu ba. Turawan ba su da yawan ma'aikata ko kuɗin da za su mulki wannan faffaɗar ƙasa da kansu, don haka suka zaɓi yin mulki ta hannun sarakuna. Sarakunan da Miller ya so a kawar sai ga su sun zama ginshiƙin gwamnatin ƙasarsu. Daga nan aka kafa ƙa'idar hana 'yan mishan zama a masarautun Musulmi sai da yardar sarki da ta Razdan. Ƙofar da ya zaci bindiga za ta buɗe masa, bindigar ce ta rufe ta.

Durumin Maigarke

Zariya ce ta fita daban. A 1905 Miller ya sami izinin zama a cikin birni, a unguwar Durumin Maigarke, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Yayin da sauran Turawa ke zaune a barikinsu nesa da gari, shi yana tsakiyar jama'a, yana jin Hausa kamar jakin Kano, gidansa cike da yaran da ya riƙa, waɗansu marayu, waɗansu 'yantattun bayi. Wannan kusanci ya sa yana jin abin da Razdan ba ya ji: ƙorafin talaka a kan haraji, da ƙwace, da shari'ar son rai, da cinikin bayi da ake yi a ɓoye bayan an haramta shi.

Ya kai wa Lugga shawarar kafa makarantar 'ya'yan sarakuna da ta malamai, inda za a koyar da karatu da rubutun Hausa cikin haruffan boko a maimakon ajami. Lugga ya nuna sha'awa, amma ya bar Arewa a 1906. Magajinsa, Percy Girouard, ya ga cewa miƙa ilimin 'ya'yan Musulmi ga ɗan mishan saɓa alkawari ne kuma neman fitina ne. Sai ya ɗora aikin a kan Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda shi ma da aikin mishan ya fara shigowa kafin ya koma ma'aikacin gwamnati. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ba tare da koyar da addinin Kirista ba.

A nan hanyoyin mutanen biyu suka rabu. Ɗan Hausa ya sassauta, ya sami yardar gwamna da ta sarakuna, ya zama uban ilimin boko na gwamnati a Arewa. Miller ya ƙi raba karatu da bishara, domin a wurinsa yin haka cin amanar abin da ya kawo shi ne. Sakamakon haka makarantarsa ta zauna ƙarama, iyaye da yawa suna tsoron kai 'ya'yansu. Amma a batun haruffa, ra'ayin da ya yi ta karewa shi ya yi rinjaye, boko ya zama rubutun gwamnati. Wannan ma yana da nasa tsada, domin dubban malamai masu rubutu da ajami sun wayi gari hukuma na lissafa su cikin marasa ilimi.

Manyan jami'ai irin su Charles Temple da Richmond Palmer, waɗanda suka fi kowa riƙo da tsarin mulki ta hannun sarakuna, ba su ɓoye ƙin zaman 'yan mishan a biranen Musulmi ba. Miller kuwa bai daina rubuta koke-koke a kan abin da yake gani ba. Gaskiya ɗaci gare ta, balle idan ta fito daga bakin wanda ba a so.

Isawa da masifar Gimi

A 1913 wani abu ya faru wanda Miller ya ɗauka amsar addu'arsa ce. Waɗansu mutane suka zo wurinsa suka ce su Isawa ne, almajiran wani Malam Ibrahim. Kamar yadda zuriyarsu ke bayarwa, malamin ya yi zurfi wajen nazarin abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa, har ya fifita matsayinsa ta hanyar da malaman fada suka ga ta saɓa, aka nemi ya janye ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mabiyansa suka watsu zuwa ƙasar Ningi da gabashin Zazzau, suna riƙe da koyarwarsa a ɓoye.

Waɗansu daga cikinsu suka karɓi addinin Kirista. Aka samar musu fili a Gimi, a ƙasar Zazzau, suka kafa ƙauye da gonaki da makaranta da majami'a, ƙarƙashin kulawar wani limamin coci baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson. Wannan ne karo na farko da aka ga al'ummar Hausawa Kirista zaune wuri guda. Murnar ba ta daɗe ba. Wurin yana da ƙudan tsando, ciwon barci ya shiga ƙauyen ya riƙa ɗaukar mutane ɗaya bayan ɗaya, cikin 'yan shekaru aka tashi garin. Likitan da ya tara su bai iya tsare su daga cutar ba, domin a lokacin maganinta bai wadata ba. Yaran da suka tsira aka kwaso su zuwa Zariya, suka shiga makarantarsa.

Wannan ne mafi nauyin jarrabawar da ta same shi. Aikin shekaru ya rushe, rayukan mutanen da suka amince da shi sun salwanta, masu sukarsa kuma sun sami abin faɗa. Bai bar aikin ba. Daga cikin zuriyar waɗannan Isawa ne daga baya aka sami Farfesa Ishaya Audu.

Rigima da fada, da fita daga birni

Zaman Miller da Sarki Aliyu Ɗan Sidi ya fara da mutunta juna, ya ƙare da gaba. Sarkin malami ne kuma fasihin marubucin waƙoƙi, wanda har yau ake karanta ayyukansa a jami'o'i. Ba ya jin daɗin ganin wani gida a cikin birninsa da ya zama mafakar masu ƙorafi, inda maganar talaka ke bi ta kai kunnen Turawa ba ta hannun fada ba. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Miller ya riƙa kai rahoton zarge-zargen zalunci da cinikin bayi, kuma rahotanninsa na cikin abubuwan da suka kai ga binciken da ya ƙare da tuɓe sarkin a 1920 da kai shi Lakwaja, inda ya rasu.

Masu kallon Miller da idon rahama suna cewa ya tsaya wa marasa murya a lokacin da Razdan ya gwammace ya kau da kai. Masu kallonsa ta ɓangaren fada suna cewa baƙo ne da aka ba masauki ya juya ya ci amanar mai gida, ya yi amfani da farar fatarsa wajen tumɓuke sarkin da ya tsaya masa a hanya. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, bayan wannan lamari sarakuna da jami'an gwamnati sun ƙara haɗa kai a kan cewa zaman mishan a cikin ganuwar Zariya ya isa haka. Wata ƙasida da 'yar'uwarsa Ethel Miller ta buga a shekarun 1920, wadda ta taɓa martabar Manzon Allah (SAW) ta kuma ɓata wa Musulmi rai ƙwarai, ta ƙara wa wutar fetur.

A ƙarshe CMS ta amince da tayin gwamnati na komawa bayan gari. Sababbin matasan 'yan mishan, ƙarƙashin Guy Bullen, sun ga cewa fili mai faɗi da zaman lafiya da hukuma sun fi amfani ga makaranta da asibiti. A 1929 aka koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St Bartholomew da ginin ƙasa irin na Hausa, aka kuma kafa asibitin St Luke. Miller bai so wannan ƙaura ba, yana ganin ja da baya ce daga wurin da aka sha wuya kafin a samu. Bai zauna a Wusasa ba. Ya tattara takardunsa ya koma Kano, garin da aka kore shi shekara kusan talatin da suka wuce. Abin lura shi ne, a wannan karo waɗanda suka sassauta su ne suka yi daidai: a Wusasa ne irin da ya shuka ya sami ƙasar da zai yi yabanya.

Littafi Mai Tsarki cikin Hausa

Aikin da ya fi ɗaukar shekarunsa shi ne fassara. Tun ƙarni na 19 wani Bajamushe ɗan mishan, James Frederick Schön, ya fassara sassan Littafi Mai Tsarki da taimakon Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi matafiyi Heinrich Barth zuwa Turai. Amma Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Miller ya yi nasa aikin a tsakiyar masu harshen, yana gwada kowace jimla da kunnen malamai da ɗalibansa, tare da haɗin gwiwar masu fassara daga sauran ƙungiyoyin mishan. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa.

Tasirin littafin ya bi ta inda mai fassarar bai nufa ba. Miller ya yi shi ne domin Hausawan Kano da Zariya da Katsina, amma waɗanda suka karɓi kiransa a cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Waɗanda suka rungumi littafin su ne al'ummomin Filato da Kudancin Kaduna da Bauci da Adamawa da sauran sassan tsakiyar Nijeriya, masu harsuna barkatai, waɗanda Hausa ta zama musu harshen majami'a da na waƙar ibada. Ta haka fassarar ta taimaka wajen faɗaɗa Hausa zuwa gidajen da ba na Hausawa ba. Duk wanda ya ji ana wa'azi da Hausa ranar Lahadi a Jos ko Kafancan ko Numan, yana jin amon wannan aiki.

'Ya'yan makaranta da siyasar Arewa

A tsakiyar shekarun 1930 Miller ya ajiye aiki da CMS ya koma Ingila, amma zama bai yi masa daɗi ba, ya sake dawowa Arewa. A wannan zango na rayuwarsa alƙalami ya zama makaminsa. Ya wallafa tarihin gwagwarmayarsa mai suna Reflections of a Pioneer a 1936, sannan a 1947 ya fitar da Have We Failed in Nigeria?, wanda sunansa kansa tambaya ce ga 'yan ƙasarsu ko sun gaza a Nijeriya. Hujjarsa ita ce tsarin mulki ta hannun sarakuna ya daskarar da Arewa, ya kare masu sarauta daga hisabi, ya hana talaka ilimi, ya bar yankin a baya ga Kudu. Mutumin da ya yi maraba da zuwan mulkin mallaka ya ƙare yana cikin masu tuhumarsa.

Shekara uku bayan fitowar littafin, a watan Agustan 1950, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, a cikin watan kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano da manufar 'yantar da talaka. Waɗannan 'yan siyasa ba almajiran Miller ba ne, daga tushen addininsu da abin da suka gani da idonsu suka ɗauko hujjojinsu. Amma cutar da suka nuna ita ce wadda tsohon likitan ya daɗe yana nunawa, lokacin da faɗin hakan ke jawo wa mutum baƙin jini.

Ta ɓangaren ɗalibansa kuwa, ƙaramar makarantar nan ta ba da 'ya'ya fiye da girmanta. Russell Aliyu Barau Dikko ya tafi Jami'ar Birmingham ya dawo a matsayin likita na farko ɗan Arewa, kuma shi aka zaɓa shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a taronta na Kaduna a 1949, inda ya zauna tare da su Abubakar Imam da Sa'adu Zungur da Aminu Kano. Wato ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NPC, Kirista ne shugabanta na farko, Musulmi ne kuma suka zaɓe shi. Babban asibitin koyarwa na jihar Kaduna sunansa yake ɗauke da shi. Daga al'ummar Wusasa aka sami John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A can Ishaya Audu ya yi karatun farko kafin ya zama likitan Sardauna, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, sannan ministan harkokin waje a Jamhuriya ta Biyu. A can kuma Yakubu Gowon ya tashi, ɗan mai wa'azin coci.

Awon rayuwarsa

Miller ya ƙare kwanakinsa a Bukuru kusa da Jos, ya rasu a 1952 yana da shekara 80. Idan aka auna shi da burin da ya fito da shi daga Ingila, bai ci nasara ba. Ƙasar Hausa ba ta bar Musulunci ba, hasali ma addinin ya ƙara bazuwa a zamanin Turawa. Idan aka auna shi da abin da ya bari, akwai littafi, da makaranta, da asibiti, da zuriyar Hausawa da Fulani Kirista waɗanda suka yi wa Arewa hidima a manyan muƙamai.

Rashin damuwa da yabo shi ya ba shi ikon yin abin da 'yan'uwansa Turawa suka kasa. Ya bar aikin da zai ba shi dukiya, ya dawo bayan kora da ciwo da mutuwar abokin tafiya, ya faɗa wa gwamna abin da gwamna ba ya son ji, ya buɗe ƙofarsa ga wanda fada ta rufe wa tata. Wanda idonsa ke kan ƙarin girma ko lambar yabo ba ya yin haka, kuma Arewa ta yau, inda kusanci da mai mulki ya zama jari, ta san ƙarancin irin waɗannan mutane a masallaci da majami'a da majalisa.

Sai dai ƙin neman yabon mutane daban, ƙin sauraron mutane daban, Miller kuwa ya sha haɗa su. Da ya saurari Hausawan da yake zaune a cikinsu kamar yadda ya saurari harshensu, da ya gane tun da wuri cewa addininsu ba rigar aro ba ce da Fulani suka sa musu. Da ya saurari abokan aikinsa, da bai ɗauki kowane sassauci a matsayin cin amana ba. Da ya yi shakkar kansa ko sau ɗaya a 1903, da ya tambayi abin da bindiga za ta bari a zukatan waɗanda yake fatan su saurare shi. Mai cewa yardar Allah kaɗai yake nema yana cikin wani haɗari na musamman, domin yana iya ɗaukar ra'ayinsa a matsayin nufin Allah, ya kuma ɗauki duk mai yi masa gyara a matsayin jarrabawa.

Majami'ar ƙasa ta Wusasa tana nan tsaye a gindin dutse, ana ibada a cikinta da Hausa, a nesa kaɗan da ganuwar birnin da aka fitar da mishan daga cikinsa. A cikin birnin kuma ana ci gaba da karanta waƙoƙin sarkin da Miller ya taimaka aka tuɓe. Zazzau ta riƙe gadon mutanen biyu, hukuncin niyyarsu kuwa yana wurin Wanda kowannensu ya ce dominsa yake yi.